Ko Silin Gashi Ɗaya

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci na safiyar Laraba aka bugo waya caji ofis. An tarar da wani tsoho kwance a falonsa ba rai, a hawa na biyu na wani bene da ke bayan tashar mota.

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa ko kurɓa bai yi ba, ya ɗauki hula. Saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya, gwiwarsa ta hagu kuwa tuni ta riga shi ajiye aiki. Kofur, mace mai 'ya'ya uku da kaifin baki, ta bi bayansa da littafin rubutu.

"Yallaɓai, in ɗauko akwatin?"

"Ɗauko. Mutane suna son ganinsa."

Akwatin ɗaukar zanen yatsa take nufi. Baƙi ne mai sheƙi, kuma babu komai a cikinsa sai buroshi biyu da kwalbar hoda da ta daskare shekara shida da suka wuce. An rubuta wa hedikwata takarda har hannu ya gaji. Amma tun da aka fara nuna shirin nan na masu binciken gawa a talabijin, in ɗan sanda ya zo gida ba akwati, sai a ce bai zo aiki ba.

Shi kansa Sufeton bai isa ya zargi kowa ba, don bai taɓa fashin shirin ba. Kullum ƙarfe biyar na yamma yana shagon Mai Aski, wani ɗan siririn shago mai kujera biyu, da talabijin a kan katako saman madubi. Da lokaci ya yi Mai Aski zai saki labule, ko wane ne ya zo sai ya dawo gobe. Shekara biyu ke nan suna haka, tun rasuwar matar Sufeto. Akwai talabijin a gidansa, amma ya kasa kunnawa, domin in ya yi magana ba mai amsa masa. Gaskiyar magana, wannan awa ɗayar ita ce kaɗai abin da ya rage masa a duniya da yake ɗokin zuwanta.

A ƙasan benen suka tarar da maƙwabta sun ɗaure igiyar shanya a bakin matakala.

"Ba wanda ya taɓa komai, Yallaɓai," in ji wani mai gajeren wando. "Mun san doka. Yaushe masu fararen riguna za su iso?"

"Suna hanya," in ji Kofur, ko kallonsa ba ta yi ba.

Mamacin tsohon hedimasta ne, shi kaɗai yake zaune. Yana kwance rigingine kusa da wani tebur na katako mai kaifin kusurwa, ƙeyarsa ta kumbura, jinin da ya zuba kaɗan ne. Sandarsa na jingine da bango. Wayarsa na kan tebur, kiran ƙarshe da ya shigo na 'yarsa ce, mako uku da suka wuce.

"Santsi ne ya kwashe shi," in ji Kofur. "Tsufa ne kawai. Mu rubuta mu tafi."

Sufeto ya tsaya a tsakiyar falon yana juyawa a hankali. Tayil ɗin ƙasa ƙal yake kamar an lashe. Hannun ƙofa na walƙiya, haka makunnin fitila, haka kan famfon wanke hannu. Ya leƙa ɗakin kwana, sai ga ƙura a kan durowa har ana iya rubutu da yatsa, ga yanar gizo a bayan ƙofa. Ya dawo falon ya ja numfashi ta hanci. Akwai wani ɗan wari mai kaifi da ya maƙale a labule, ya san shi sarai, amma ya kasa tuna inda ya san shi.

Matar da ke zuwa shara ranar Litinin da Laraba ita ta ga gawar. Tana zaune a kan matakala tana share hanci da gefen mayafi.

"Iya, yaushe rabonki da share falon nan?"

"Shekaranjiya, ranka ya daɗe. Tas na goge ko'ina, lungu da saƙo."

"Har ɗakin kwana?"

"Har can."

"To ƙurar da ke kan durowa da dare ta shigo?"

Ta sunkuyar da kai. "Bayana ne ke ciwo. Inda ido ke gani nake sharewa. Shi ma marigayin ya sani, kullum sai ya yi min faɗa. Bakinsa ba dama, Allah ya jiƙansa."

"Kin taɓa goge makunnin fitila?"

"Makunnin fitila kuma? Ana goge shi?"

"Yakan fita?"

"Ina fa. Wata biyar ke nan ƙafarsa ba ta taka matakalar nan ba."

Kofur ta rubuta. Sufeto ya sauka wajen maigadi, wani dogo mai jan ido da ya ƙame ya sara masa kamar tsohon soja.

"Jiya da rana wa ya hau sama?"

"Babu kowa, Yallaɓai. Ina nan daram tun safe, ko ƙuda bai wuce ni ba."

"Ko fitsari ba ka je ba?"

"Ko fitsari."

Sufeto ya dube shi, ya dubi kantin da ke tsallaken titi, inda aka jera benci biyu a gaban talabijin. Aka ɗauki gawar zuwa asibiti.

Biyar saura minti uku ya ɗaga labulen shagon Mai Aski. An riga an juya kujerun, ga kofuna biyu a kan kanta.

"Yallaɓai, yau har na fara cire rai."

"Aiki ne ya riƙe ni. Wani tsohon hedimasta, bayan tasha."

"Na ji ana faɗa. Allah ya jiƙansa." Mai Aski ya buga rimot a tafin hannunsa sau biyu, don sai an yi masa haka yake aiki. "Da yakan zo nan. Ya fi shekara rabona da shi."

Kiɗan buɗe shirin ya tashi. Mutum shida masu fararen riguna suka duƙa a kan gawar wani da ba su taɓa sani ba, suna tonon ƙarƙashin farcensa, suna ɗaga silin gashi da ɗan hantsaki kamar zinariya. Mai Aski ya taɓa ce masa abin da ya sa yake son shirin ke nan: a can, ko ba ka da kowa, in ka mutu sai an damu da kai. Ranar Sufeto dariya ya yi, amma da ya koma gida ya daɗe a zaune bakin gado da takalmi a ƙafarsa.

Suna da wasan da suke yi. Kafin a tafi talla Mai Aski zai canki wanda ya yi kisan, shi kuma Sufeto zai lissafa wautar da mai laifin ya tafka. "Dubi sakarai, ya goge ƙofa ya manta makunnin fitila." Ko kuma, "Da ni ne, ƙarƙashin hannun kujera zan fara gogewa. Duk wanda ya ja kujera, nan yake barin yatsu huɗu." Mai Aski zai buɗe baki yana kallonsa, ya ce, "Ku ma haka kuke yi a ofis?" Karon farko Sufeto ya ce, "Kusan haka." Da tafiya ta yi tafiya, kusan ɗin ya faɗi a hanya. Har ya kai ga cewa silin gashi ɗaya ya ishe shi, a ba shi kwana uku ya faɗi sunan mai shi. Daɗin kallon da ake yi masa yake ji, ba wani abu ba. Shekara talatin da uku yana aikin nan ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan kallon.

Yau aka tafi talla aka dawo, Mai Aski bai canki kowa ba.

"Yau ba ka da ɗan takara?"

"Kaina ke ɗan ciwo." Ya juya kofinsa a hannu. "Shi wancan tsohon, kun ɗauki zanen yatsa?"

"Mun je da akwati," in ji Sufeto.

Washegari da hantsi likitan asibiti ya kira shi ɗakin ajiye gawa, suka tafi da Kofur. Mutum ne mai gaggawa, yana magana yana cire safar hannu.

"Buguwa ce a ƙeya, jini ya taru a cikin kai. Amma ba nan take ya mutu ba. Ya yi aƙalla awa uku yana numfashi."

"Da an kawo shi fa?"

"Da an kawo shi cikin awa ɗaya, da yanzu yana sama yana zagin ma'aikatan jinya. Irinsa nawa muka sallama."

Sufeto ya matsa kusa da gawar. Jiya hankalinsa na kan ɗakin, yau ya dubi mutumin. Askin kansa sabo ne fil, an fitar da layin goshi tsaf, an gyara gemu. Ya sa yatsa a cikin wuyan rigar da aka cire, sai ga 'yan guntayen furfura sun manne masa.

"Kofur, mutumin da bai sauka daga bene ba wata biyar, wa ya yi masa aski?"

"Sai dai a gida aka yi masa."

"Kin ga gashi a falon? A kwandon shara fa?"

Ta girgiza kai. "Ko sili ɗaya babu."

"Akwai wannan kuma," in ji likitan, ya juya kan gawar. "Ba komai ba ne, ɗan yankan reza ne a bayan kunnen hagu."

Hannun Sufeto ya tashi da kansa ya tafi bayan kunnensa na hagu. Ɓawon ciwon yana nan, na makon jiya. Wata shida ke nan ya lura hannun Mai Aski yana rawa in ya zo wannan lanƙwasar, ya kuma lura masu zuwa shagon suna raguwa, amma ko sau ɗaya bai nuna ya sani ba. Nan take kuma ya tuna warin da ke labulen. Sifirit ne, shuɗin nan da masu aski ke goge kilifa da shi.

Ya dafa gefen gadon ƙarfen.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Gwiwa ce. Mu koma gidan."

A falon akwai kujerun roba guda uku jere a bango. Ya kifa ta farko, ƙarƙashin hannunta baƙi ƙirin da dattin shekaru. Ta biyu ma haka. Ya daɗe a tsaye kafin ya kifa ta uku, yana roƙon Allah a ransa ya same ta da datti. Fara ce tas.

"Wane irin mahaukaci ne zai goge ƙarƙashin kujera?" in ji Kofur.

"Wanda aka koya wa."

Suka sauka. Maigadi ya sake ƙamewa.

"Ƙarfe biyu na rana ake maimaita shirin nan, ko?" in ji Sufeto. "Shekaranjiya wa ya yi kisan?"

"Ai matar ce, Yallaɓai, tun farko na ce..." Sai ya kama bakinsa.

"Daga bakin ƙofa ka gani?"

Ya yi tsuru-tsuru. "Don Allah kada maigidan ya ji. Awa ɗaya ce kawai nake tsallakawa."

"Da ka dawo wa ka gani?"

"Wajen huɗu saura, mai askin nan ya sauko da 'yar shuɗiyar jakarsa. Ai duk wata yake zuwa, ban ɗauke shi baƙo ba. Sai dai ranar har da baƙar leda a hannunsa, kuma na gaishe shi bai amsa ba."

A mota Kofur ta ce, "Mu je yanzu mu ɗauko shi."

"Sai biyar."

"Me ya sa sai biyar?"

"Don na san inda zai kasance."

Ta dube shi ta gefen ido. Duk ofis an san inda Sufeto ke zuwa ƙarfe biyar.

Tsakanin azahar da la'asar ya zauna a ofis da fayil a gabansa. Layi ɗaya ne zai rufe maganar: tsoho ya zame ya faɗi. Ba mai tambaya. 'Yar mamacin ta riga ta ce ba za ta samu zuwa ba, a yi abin da ya dace. Ya ɗauki biro ya ajiye ya fi sau biyar. Abin da ya hana shi rubutawa shi ne awa ukun nan, mutum kwance a kan tayil yana jan numfashi, ba kowa a kansa. Ya san wata rana shi ma a irin wannan falon za a same shi.

Ya bar Kofur a mota, ya shiga shagon da akwatin a hannu. Kujeru a juye, kofuna biyu a kan kanta. Mai Aski ya dubi akwatin, ya dubi fuskar Sufeto, rimot ya kusa suɓuce masa.

"Yau da aiki ka zo?"

"Zauna." Ya jira ya zauna. "Ka ce min shekara guda rabonka da hedimasta."

"Haka na ce."

"Shekaranjiya ƙarfe biyu kana ina?"

"Ina nan shago."

Sufeto ya juya kansa, ya lanƙwasa kunnensa na hagu da yatsa. "Ka ga wannan? Akwai irinsa a bayan kunnen gawar. Maigadi kuma ya ga jakarka."

Kiɗan shirin ya tashi a samansu, ba wanda ya ɗaga kai. Mai Aski ya sa hannuwansa biyu tsakanin gwiwoyinsa ya matse su, amma rawar ba ta tsaya ba.

"Na gama masa askin," ya ce a hankali. "Ina gyaran bayan kunne reza ta taɓa shi. Sai ya miƙe yana faɗa. Ya ce na ƙare, hannuna ya mutu, zai gaya wa duk unguwa kada su ba ni wuyansu. Yallaɓai, mutum tara suka rage min. Na riƙo ƙyallen da ke wuyansa na ce ya zauna in goge masa jinin. Na ja da ƙarfi, ban musa ba, raina a ɓace yake. Sandarsa ba ta kusa. Sai na ji ƙarar kansa a jikin tebur."

"Yana numfashi?"

"Yana yi."

"Wayarsa na kan tebur, taka na aljihunka."

"Na ɗauko ta. Wallahi na ɗauko ta. Sai na dubi ƙasa, ga gashi ko'ina, ga hannuna a kujera, a ƙofa, a famfo. Na ce kai za a turo, kuma kwana uku sun ishe ka. Na ce bari in share tukuna, minti biyar, sannan in kira. Da na share gashi sai na tuna makunni. Da na goge makunni sai na tuna kujera. Duk inda ka taɓa faɗa sai da na bi. Ina gogewa ina jin numfashinsa a bayana. Da na gama sai na ga in na kira yanzu, za a ce me ya sa na goge. Na ja ƙofa na taho, don kada ka zo ka tarar da shago a rufe."

Sufeto ya tuna ranar Talatar. Ya sha shayi a kujerar nan, ya yi dariya, har ya lissafa wautar wanda ya yi kisa. A lokacin tsohon bai gama cikawa ba.

"Likita ya ce da an kai shi cikin awa ɗaya, da ya tashi."

Mai Aski ya rufe ido. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Can ya nuna akwatin da haɓa.

"Abu ɗaya nake so ka gaya min, don kwana biyu ban runtsa ba. Ina na bari? Wane wuri na manta?"

Sufeto ya ɗora akwatin a kan kanta, ya buɗe, ya juya masa. Ya ɗauko kwalbar hodar ya kifa ta, ya girgiza. Ko ƙwaya ba ta zubo ba.

"Ba ka manta ko'ina ba. Shekara shida ke nan ba mu ɗauki zanen yatsan kowa ba. Ba mu da na'urar gashi, ban taɓa ganinta ba sai a nan tare da kai. Da ka bar komai yadda yake, da mun rubuta tsoho ya zame. Tsabtar ce ta kawo ni."

Mai Aski ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Shekara biyu kana gaya min."

"Na gaya maka."

"Me ya sa?"

"Don kana saurara," in ji Sufeto. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. "Zan rubuta wannan ma a fayil, yadda yake. Amma ba zai hana a tafi da kai ba."

Ya ɗaga labule ya yafito Kofur. Mai Aski ya miƙe, ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa mata kamar yadda ake yi a talabijin. Ta dubi Sufeto, ya girgiza kai, ta mayar da ankwar da ta ciro ƙugunta, ta kama shi a gwiwar hannu.

A bakin ƙofa ya tsaya, ya laluba aljihu ya ciro makullin shagon ya ajiye a kan kanta, kusa da kofunan.

"In ka tashi ka kashe talabijin. Ƙwadon yana da tauri, sai ka ɗan ɗaga ƙofar."

Motar ta tashi. Sufeto ya ce zai biyo su a ƙafa, amma sai ya samu kansa zaune a kujerarsa ta kullum. Daga tagogin titin duka kiɗan shirin ke fitowa. A saman madubi masu fararen riguna sun ɗaga wani silin gashi suna murna, aka tafi talla. Ya juya ga kujerar da ke gefensa don ya ji wa aka canka, sannan ya tuna.

Ya nuna wa talabijin rimot ya danna, bai mutu ba. Sai da ya buga shi a tafin hannunsa sau biyu.